Kiran Rijiyar Ɗanbaba

Layi uku kacal na ƙara a cikin tsarin na'urarmu, kuma ba wanda ya sa ni. Ina faɗin haka tun farko don kada wani ya ɗora wa na'ura laifi, ko rezon waya, ko Malam Labo shugaban buronmu, wato ofishinmu, wanda ko kunna ordinata, kwamfuta ke nan, sai an nuna masa wurin dannawa. Ni Saliha na rubuta su da hannuna, ranar wata Asabar, saboda kunyar surukata.

Aikinmu ba mai wuyar ganewa ba ne. Ƙungiyar da nake wa aiki tana da motoci huɗu na ɗaukar mata masu naƙuda, tsakanin Agiye da Gazawa da Gidan Rumji. Duk ƙauyen da muke hulɗa da shi an ba ungozomarsa wata 'yar na'ura mai kama da waya. In haihuwa ta zo da gardama, ungozoma ta danna, ƙaramar na'urar ta kira babbar da ke buronmu na Agiye ta ce mata ta tura mota. Babbar kuwa ba ta jiran izinin Malam Labo ko nawa, sai ta duba motar da ta fi kusa ta aika wa shofer umarni. Ana kira daga can nesa, aiki yana gudana a nan. Ni na gina shi haka, don na gaji da jin an ce mace ta rasu ana neman wanda zai ɗaga waya.

Sai dai na'urar da ke yi wa duk mai kira biyayya abar tsoro ce a ƙasar da muke ciki. Saboda haka kafin babbar ta motsa sai ta tambaya, kamar yadda ake yi a ƙofar gida, wa ke sallama? Ƙaramar ta amsa da wani hatimi na sirri da ke cikinta, kowane ƙauye da nasa, ba ya kwaikwayuwa. Hatimin kuma ba ya fita sai ungozoma ta danna lambarta. Lamba biyu muke ba kowacce. Ɗaya ta yau da kullum. Ɗayar muna ce mata lambar tsoro, mun ƙara ta ne bayan an tare wata ungozoma can wajen Gidan Rumji an sa ta kiran mota da bindiga a ƙeyarta. In an tilasta wa mace, sai ta danna ta tsoron. Na'urar hannunta za ta nuna kamar komai ya tafi daidai, amma a Agiye mota ba za ta tashi ba, jandarma za a kira.

Ungozomar Rijiyar Ɗanbaba, wani ƙauye kudu da Gangara dab da iyaka, ita ce Inna Habi, uwar mijina. Bagobira ce daga Tibiri, aure ya kawo ta gabas shekara arba'in da suka wuce, har yau kuma ba ta bar kowa ya manta da hakan ba. Rabin ƙauyen nan a hannunta suka faɗo duniya. Ta yi karatun manya, tana rubutu sannu-sannu kamar mai tsince tsakuwa a cikin gero, amma lamba shida a jere ba ta zama a kanta. Sau uku na'urarta tana kullewa. A na ukun ta hau kabu-kabu har gidanmu a Agiye, ta ajiye ta a kan tabarma, ta dubi bango maimakon ni.

"Shekara talatin ina yanke cibi a garin nan," in ji ta, "ba wanda yat taɓa ce mani wace ce ke. Yau ƙarhe ka tambaya ta. Ku amshi abinku."

Ina durƙushe, kaina a ƙasa. Ungozomomi talatin da ɗaya na zaunar na yi musu bita har suka haddace, wasu har da tsawa, don ni ba na jure a yi min wasa da aiki. Amma surukata? In dube ta in ce, Inna maimaita bayana? Bakina ya ƙi. Ranar Asabar da buro ba kowa na shiga na rubuta layukan nan uku. Ma'anarsu ita ce, in kira ya ce daga Rijiyar Ɗanbaba yake, kada a nemi hatimi, a yi abin da ya ce. Na mayar mata da na'urar ba lamba ko ɗaya, ba ta yau da kullum, ba ta tsoro. Ta karɓa ta sa min albarka. Ni kuwa, wawiya, daɗi ya cika ni har na yi ta murmushi a hanya. Ban gaya wa kowa ba.

Mijina shi ne shoferin motarmu ta Gazawa, kuma shi ne ɗan farin Inna. Sunansa Shu'aibu. Na rubuta ne don labari ya fahimtu, ni ma a gida Baban Nazira nake ce masa. Inna kuwa tun ranar suna wannan sunan bai taɓa ratsa bakinta ba. Wancan take cewa, ko mai motar. Akwai wani Shu'aibun daban mai shago a kasuwar Gangara, shi ma mai sunan wancan take ce masa. Shekarar da masu ƙidaya suka zo suka nemi sunayen 'ya'yanta, tashi ta yi ta shige ɗaki ta bar wa maƙwabciya amsa. Muna yi mata dariya a bayan ido, ba wanda ya taɓa yi a gabanta.

Wata bakwai ba abin da ya faru.

Ranar wata Laraba a tsakiyar damina, da hantsi, ina zaune a buro ina cin gasasshiyar masara, sai ordinata ta yi 'yar ƙararta. Na leƙa. Rijiyar Ɗanbaba ce, a tura mota, jini ya ɓalle wa mai naƙuda. A gefe an rubuta babu hatimi, amma wannan na saba ganinsa, ni na jawo shi. Na'urar ta riga ta aika wa motar Gazawa. Ƙarfe sha ɗaya da minti goma sha biyu mijina ya amsa, ya ɗauki sajfam Farida, ungozomar asibiti, suka tashi. Na ga ɗigonsu a kan taswira ya bar kwalta ya nufi kudu. Na ci gaba da cin masarata.

Ba a jima ba wani kiran ya shigo daga ƙauyen, yana tambayar inda mota take. Na'urar ta faɗa masa. Bayan minti biyu ya sake tambaya, ta sake faɗa. Haka na uku, haka na huɗu.

Na ajiye masarar. Inna ba ta taɓa tambayar inda mota take ba. Ban ma yi zaton ta san da wannan maɓallin ba. Ita a wurinta in mota ta zo ta zo, kafin nan tana da aikin yi a kan mai naƙuda, hannuwanta biyu a jiƙe. Wa ke da lokacin danna abu duk minti biyu alhali mace tana zubar da jini a gabansa?

Na buɗe rajistar kira na duba sosai. Kiran ba ta rezonmu ya biyo ba, ta na tsallaken iyaka ya shigo. Gabana ya faɗi, sai na ce wa kaina a'a, Saliha, an kwana ana ruwa, anten ɗin rezon wajen nan yakan mutu, wayoyinsu su kama na Najeriya, ba yau aka fara ba. Sai na duba inda aka ce motar ta tsaya. Ba ƙofar gidan Inna ba ne. Bakin korama ne, gindin wasu kukoki uku, tafiya mai ɗan nisa daga gidaje. Wannan ma yana da amsa, wataƙila ruwa ya cinye hanya, sun ɗauko matar a amalanke zuwa inda mota za ta iya kaiwa. Kowane abu da amsarsa, amma ban sake komawa kan masarar ba.

Na kira wayar Inna ta hannu, a kashe. Na kira ta maigari, a kashe. Na kira mijina, ya ɗaga, ina jin ƙarar mota da taɓo.

"Baban Nazira, rage gudu. Ka ɗan tsaya a Gangara."

"In tsaya? Mace na zubar da jini ki ce in tsaya?"

"Ban tabbata Inna ce ta kira ba."

Ya yi 'yar dariya. "Ke hwa kinka ce muna na'urarki ba ta ƙarya. Ke kinka tara mu kinka ce kowane kira da hatimi nai."

Kunya ta hana ni faɗa masa abin da na yi ranar Asabar. Ya jira ni kaɗan, sannan ya ce, "In kin tabbata, aiko da umarni in juyo, ƙa'ida ce. In ba ki tabbata ba, bar ni in yi tuƙi." Ya kashe.

Na san hanyar nan kamar tsakar gidanmu. Bayan Gangara akwai wani kwalbati, daga nan rezo ya ƙare, ba waya ba umarni sai an kusa ƙauyen. Yadda yake gudu, bai fi minti ashirin ba ya tsallake shi.

Malam Labo ya shigo da butarsa a hannu, ya dube ni ya ce lafiya? Na faɗa masa duka a tsaye, har da ranar Asabar. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta zube haka ba. Ya ajiye butar a kan takardu, ya cire hula, ya zauna.

"Innalillahi. Wato duk wanda ya riƙe abin nan, ko ya san sunan garin kawai..."

"Shi ne Inna, a wurin na'ura."

"Mai da motar," ya ce. Na kai hannu. "Dakata. In kuma gaskiya ce? Kin tuna Lami ta wajen nan bara, da mota ta makara rabin awa?"

Na tuna Lami. Na ga jaririnta a hannun kakarsa ranar uku. Malam Labo ya kira jandarma, suka ce motarsu ta fita wani gefen, sai ta dawo, awa guda ko fiye. Ya ajiye wayar ya shiga murza hula. Mutumin kirki ne Malam Labo, amma in ana neman wanda zai yanke magana gara a tambayi butarsa. Ya ce in mai da, ya ce kada in mai da, ya ce Allah ya sa ba komai ba ne. Ɗigon kuwa yana ta gangarawa kudu.

Tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba. Ina ganin mijina ya tsaya gindin kukokin nan ya buɗe ƙofa da saurinsa, yana cewa ina matar take. Ina ganin Farida da jakarta. Mun san abin da ake yi wa wanda aka tafi da shi daji, a Agiye ma akwai gidajen da har yau ake jiran labari. Idan kuma na juyo da shi alhali Inna ce durƙushe kan wata baiwar Allah tana jiran ɗanta, to ni na kashe matar, kuma da wane ido zan sake duban Inna?

Tambayar da na hana na'ura ta yi wa surukata, yanzu ta dawo kaina. Akwai wani ɗan fili a cikin na'urar da sajfam kan aika wa ungozoma tambaya a rubuce, jini nawa, kan ɗa ya sauko ko bai sauko ba. Na buɗe shi na zauna ina kallonsa. Me zan tambaya? Sunan unguwarsu a Tibiri, awakinta nawa, wa ta aurar bara, duk wannan kowa a ƙauyen ya sani, masu irin wannan aikin kuma ba sa zuwa sai da ɗan gari mai ba su labari. Duk abin da Inna ta sani, wani ma yana iya sani. Minti goma sha ɗaya suka rage.

Sai tunani ya zo min ta wata hanyar. Ba abin da ta sani zan nema ba, abin da ba za ta taɓa yi ba zan nema.

Na rubuta: Inna, Saliha ce. Shofer biyu ke nan. Rubuta mani sunan wanda kike so ya zo.

Ko a cikin wannan halin sai da kunya ta kama ni, na ji kunnuwana sun yi zafi. Malam Labo ya leƙo ta kafaɗata ya karanta, ya dube ni, ya gane. In Inna ce, za ta rubuta mai motar, ko ta zage ni, ko ta ƙi amsawa. Wallahi a lokacin nan ba abin da nake so a duniya kamar zagin surukata. Na danna, saƙon ya tafi.

Kiran nan mai tambayar inda mota take ya tsaya cak.

Minti ɗaya ya wuce. Na biyu. Ɗigon ya shiga Gangara, ya ɗan rage gudu wajen kasuwa, ya fita ta kudu. Ruwa na ɗiga daga kwanon buro cikin bokitin da muka tara, ina jin kowane ɗigo. Malam Labo yana jan salati ƙasa-ƙasa. Minti uku. Na fara tunanin shirun nan ma amsa ce, Inna ce ta yi fushi ta ajiye abin, in bar shi ya tafi. Na fara tunanin kuma ko can ana shawara ne a kan abin da za a rubuta. Minti huɗu. Na ɗora yatsa a kan umarnin juyawa ban danna ba, ina kallon tazarar da ke tsakanin ɗigon da kwalbatin tana ƙanƙancewa.

Amsar ta shigo, kalma ɗaya. Shu'aibu.

Na danna. Na'urar ta tsayar da ni ta nemi lambata, don ni ban cire wa kaina ba. Na danna lambar da na yi shekara uku ina dannawa kullum, na yi kuskure. Na yi ihu, ban san na yi ba sai da na ga masinja ya leƙo. Na sake dannawa a hankali, ɗaya bayan ɗaya, umarnin ya tafi. Ɗigon ya ci gaba da tafiya kamar bai ji ba. Sannan ya tsaya, kwalbatin yana gabansa kaɗan.

Wayata ta yi ƙara.

"Wane irin abu ne wannan? Uwata ta kira ni!"

"Ba ita ba ce."

"Da mi kinka sani?"

"Na ce a rubuta sunan shofer. An rubuta naka."

Ina jin injin yana aiki, ina jin Farida tana tambayarsa me aka ce. Da ya sake magana muryarsa ta koma ƙarama, ban taɓa jin ta haka ba.

"To ita tana ina?"

Wannan tambayar ba ta zo min ba sam. Duk hankalina yana kan motar. Sai a lokacin na tuna cewa na'urar nan a cikin ɗakin Inna take kwana, ƙarƙashin matashinta, ba ta ba kowa aro. Duk wanda ke riƙe da ita sai da ya bi ta kanta. Na dafa tebur.

Ya ce shi kam tahiya zai yi. Na roƙe shi, na haɗa shi da Allah, na haɗa shi da Nazira, na ce abin da suke jira ke nan. Bai ji ba. Farida ce ta miƙa hannu ta zare makullin motar ta sa a cikin rigarta, ta karɓi wayar ta ce min, "Anti Saliha, muna nan har jandarma su zo, ko zai kashe ni." Ina jin sa yana kuka a bayanta.

Ban iya zama a buro ba. Na hau motar haya zuwa Gazawa, na tsaya a ƙofar likita, asibitin garin, tun azahar. Ban zauna ba, ban sha ruwa ba. Duk motar da ta ɓullo daga kudu sai zuciyata ta buga. Ana kiran la'asar motar jandarma ta shigo, tamu tana bin ta, taɓo har gilashi. Mijina ya fito bai dube ni ba, ya zagaya ya buɗe baya.

Inna tana kwance a kan gadon da masu naƙuda ke kwanciya. Gefen fuskarta ya kumbura har ido ya rufe, hannunta na dama a naɗe da zane. Tana da rai. Na zube a ƙasa a wurin, cikin taɓo, mutane suna kallo.

Farida ce ta ba ni labarin yayin da ake ɗaure hannun. Mutum shida ne a kan moto uku, wato babura, sun shigo da hantsi lokacin da maza duk suna gona. An harbi wani nasu a cinya, yana kwance can tsallake, suna son mota da magani da mai ɗinki. Ba mai naƙuda ko ɗaya a ƙauyen. Suka ɗauko Inna daga gida da na'urarta suka kai ta gindin kukoki. Da suka ga motar ta tsaya ba ta ƙaraso ba, suka huce a kanta da gindin bindiga, suka karya mata yatsu biyu, suka tafi da na'urar kafin jandarma su iso.

Da aka gama, aka bar ta ita kaɗai a ɗaki, na shiga na durƙusa a bakin gado. Na faɗa mata abin da na yi, yadda na cire lambobin, yadda da tana da ta tsoro da ta danna an taimake ta tun farko ba wanda ya sani. Na ce ta yafe min tambayar nan ma, ba don ita na yi ba, na san duk ɓarawon da ya ƙwace na'urar zai rubuta sunan ba tare da ya san komai ba.

Ta juyo da ido ɗayan da ke buɗe ta dube ni. Tun da aka kawo ni gidansu ban tuna ranar da ta dube ni kai tsaye haka ba.

"Wane ɓarawo?" ta ce. "Cikinsu guda ɗai ya iya karatu. Shi yak karanta, yac ce in amsa da hannuna kamar yadda nis saba, kada buro su gane. Ni nir rubuta."

Na ɗago kai, ta ci gaba.

"Da nij ji tambayar nic ce, ɗiyar nan ba ta taɓa yi mani rashin kunya ba, yau ta yi, akwai dalili. In na ce mai motar, ki ce ni ce, ki turo shi. Su ba su san mi yake gare ni ba." Ta numfasa, leɓenta ya fashe. "Bindiga na nan ga wuyana, suna ta ce mani yi maza. Wallahi ba ita ta jinkirta ni ba. Hannun ne yaƙ ƙi. Sai da nit tilasta mai, harahi guda-guda."

Minti huɗun nan da na zauna ina kallon taswira, ashe abin da ake yi ke nan a gindin kukoki.

"Inna, kin san in motar ba ta zo ba kanki za su dawo."

"Na sani mana. Ce maki anka yi ban da hankali?"

Na kifa kaina a kan ƙarfen gadon na yi kuka, ita kuma ta bar ni har na gaji. Sannan ta ce in tashi in share fuska kada wancan ya shigo ya gan ni haka. Ta ce in ta warke in kawo mata wata na'urar, da lambobinta duka biyu, in zauna in koya mata, in yi mata tsawa yadda ta ji ana cewa ina yi wa sauran. Na ce to. Sai ta sauke murya.

"Abin nan da nir rubuta, yana nan cikin ƙarhenku?"

"Yana nan."

"Ki goge shi. Kada shi gani."

Na ce to.

Na koma Agiye kafin magariba na goge layukan nan uku, Malam Labo yana tsaye a kaina yana kallo kamar ya san abin da yake gani. Yanzu ba wanda babbar na'urar ke yi wa aiki sai ya nuna hatiminsa, ko wane ne shi. Sati shida bayan haka Inna ta haddace lambobinta da hannun hagu, na yi mata tsawa sau biyu, ta rama sau biyar. Har yau in ordinata ta yi 'yar ƙarar nan daga kudu sai gabana ya faɗi, gasasshiyar masara kuwa ban sake ci ba.

Sunan ban goge ba. Ita ce ƙarya ta farko da na yi wa surukata, kuma ban yi nadama ba. Mijina yana da shekara talatin da takwas, bai taɓa jin uwarsa ta kira shi ba, har yau kuma zato yake ɓarawo ne ya rubuta. Yana nan cikin rajistar ranar Laraba, ƙarfe sha ɗaya da minti arba'in da shida, ina ajiye masa.